Jirgin Sama Da Damunar Funtuwa

Tun 1925 da jirgin sama ya fara sauka a Kano, mutanenmu suka ɗauki hawansa a matsayin alamar arziki. A 2019 an yi tafiye-tafiye sama da biliyan 4 ta sama a duniya. Kowane kilo na man jirgi da ya ƙone yana fitar da fiye da kilo 3 na iskar kabon, kuma jiragen sama ke da kimanin kashi 2.5 cikin 100 na wannan iska da ɗan Adam ke fitarwa. Kason kamar kaɗan ne, sai mutum ya tambayi su wa ke hawa. Wani bincike na 2020 ya nuna kashi 1 cikin 100 na mutanen duniya ne ke da rabin hayaƙin jiragen fasinja.

Ni ɗan gidan noma ne, tsakanin Funtuwa da Malumfashi, kuma a danginmu waɗanda suka taɓa shiga jirgi ba su cika yatsun hannu ba, su ma duk Makka suka je. Amma masararmu da audugarmu ke shan wuyar damunar da ta daina cika alkawari. Ruwa ya sauka, a yi shuka, a zuba takin da aka ci bashi aka saya, sai ya ɗauke mako uku. In ya dawo kuma, ya zo da ambaliya. Ban ce jirgi kaɗai ya jawo haka ba, mu ma gatarinmu bai bar dazuzzukan Faskari sun huta ba. Sai dai wani ya ci goro, bakin wani ya yi ja.

Alhazai ba su cikin waɗanda nake zargi. Kujeru 95,000 da aka ware wa Najeriya a 2023 na mutanen da akasarinsu suka yi shekaru suna tari ne, don tafiya ɗaya a rayuwa. Damuwata ita ce babban mutum da zai ɗauki hayar jirgi daga Abuja zuwa filin Umaru Musa 'Yar'aduwa don ɗaurin aure, ya koma kafin la'asar, gobe kuma a gan shi yana jawabi kan dashen itatuwa.

Akwai kuma waɗanda tsoro ya kora sama. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022, na san malaman makaranta da suka ƙwammace su ci bashin tikiti da su bi hanya. Waɗannan a ba su tsaro da layin dogo, za su sauko da kansu. Layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda ya ratsa Funtuwa tun zamanin Turawa yana kwasar auduga da gyaɗa, yana nan kwance, awaki na kiwo a kansa.