Daga Landan zuwa Stratford: Sauraron Wasannin Ban Tausayi na Shakespeare

Manyan wasannin ban tausayi na William Shakespeare, wato Hamlet da Othello da King Lear da Macbeth, don kunne aka tsara su tun kafin a yi tunanin ido. Matafiyin da ya nufi Ingila domin ya san su da kyau, zangonsa uku ne: bakin kogin Thames, da babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Landan, sai garin Stratford, inda aka haifi marubucin a 1564, aka kuma binne shi a 1616.

Zangon farko shi ne gidan wasa na Globe. Na asalin an gina shi a 1599, gobara ta cinye shi a 1613, wanda ke tsaye yanzu kuwa a 1997 aka buɗe shi, kusa da gurbin na farko. Gini ne zagayayye na katako, da jinkar ciyawa, tsakiyarsa a buɗe. Masu tikiti mai araha a tsaye suke kallo, ko ana ruwa, kuma ba a yarda a buɗe laima ba. Ga ƙarar jiragen sama da ke katse zance a daidai inda ya yi daɗi. Amma a nan ne baƙo ke gane asalin al'amarin. A zamanin Shakespeare da rana tsaka ake wasa, babu fitilar da za a kashe a ce dare ya yi. Duk da haka Hamlet da tsakar dare yake farawa, masu gadi na rawar ɗari a kan ganuwa. Duhun da sanyin duka daga bakin 'yan wasa suke fitowa. Shi ya sa idan aka ɗauke dandamali aka bar murya kaɗai, wasan ba ya rasa komai na kirki.

Masauki mai sauƙin kuɗi a unguwar King's Cross abin takaici ne. Ɗakin bai ishi a shimfiɗa darduma ba sai an ture jaka ƙarƙashin gado, bayi babu buta, karin kumallo burodi ne da wake mai zaƙi. Mutum ya haɗu da maƙwabcinsa a matakala, ba sallama ba gaisuwa, abin da ko yaro ba zai yi ba a Zariya. Amfanin wurin ɗaya ne: tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa ɗakin karatu na Birtaniya da ke titin Euston, wanda taskarsa ta sauti ke ɗauke da abin da ya haura miliyan 6 na muryoyi da kiɗe-kiɗe da shirye-shiryen rediyo. Sai an nemi katin mai karatu, an kuma sa lokaci, sannan a ba mutum kujera da abin sawa a kunne.

Tarihin ɗaukar waɗannan wasanni ya yi nisa. A 1890 ɗan wasan Amurka Edwin Booth ya karanta wani jawabin Othello a cikin na'urar ɗaukar murya ta kakin zuma, kuma har yau ana jin muryar tasa can ƙasa a cikin ƙarar faifan. BBC ta fara watsa Shakespeare a rediyo a 1923, da fitowar da Brutus da Cassius ke cacar baki a Julius Caesar. Daga 1957 zuwa 1964 George Rylands ya jagoranci ƙungiyar Marlowe ta Cambridge suka ɗauki wasannin gaba ɗaya a faifan Argo. Karatunsu tsaf yake, kowace kalma na fita, sai dai akwai sanyin aji a cikinsa. Jerin Arkangel da ya fara fitowa a 1998 ya tattara wasanni 38, da kiɗa da ƙarar takubba da kukan iska, shi ya fi dacewa da sabon shiga.

King Lear ne ya fi cancantar a zauna masa. John Gielgud ya fito a Lear a rediyon BBC a 1994, shekarar da ya cika 90, muryarsa siririya mai rawa, ta tsohon da ƙarfinsa ya riga ya tafi. Paul Scofield ya ɗauka a faifan Caedmon a cikin shekarun 1960, ya sake ɗauka yana kusan 80. Tasa muryar kaushi gare ta, shi ya sa karyewarta a ƙarshe ta fi taɓa zuciya. Akwai fitowa ɗaya a kashi na 4 da babu dandamalin da ke iya yi mata adalci. An ƙwaƙule wa Gloucester, wani basarake a wasan, idanu, ɗansa Edgar ya ɓad da kama yana yi masa jagora zuwa Dover. A fili shimfiɗaɗɗe suke tsaye, amma Edgar na siffanta masa dutse mai tsawo, da tsuntsaye can ƙasa, da masunta da suka zama ƙanana a bakin teku. Mai kallo yana ganin katakon dandamali, ya san babu dutse. Mai sauraro kuwa makaho ne tare da Gloucester, abin da aka faɗa masa kaɗai yake da shi, don haka sai tsohon ya faɗi sannan numfashinsa ke dawowa.

Bahaushe ba ya jin wannan wasa kamar yadda Bature ke ji. Uba ya raba wa 'ya'yansa mata ƙasa, biyu daga cikinsu suka rage masa dakaru, suka rufe masa ƙofa ana tsawa da ruwa. A ƙasar Hausa ko gidan ya kai ƙunci, tsoho ba ya rasa ɗaki, kuma wanda ya yi wa mahaifi haka ya jawo wa zuriyarsa abin gori.

Othello ma na ƙaruwa a kunne. A dandamali dole Iago, mai zuga Othello, ya ɗaga murya don na baya su ji, a gaban makirufo kuwa raɗa yake yi, tsegumin na shiga kunnen mai sauraro yadda yake shiga na Othello. Faifan Paul Robeson na 1944 yana nan da muryarsa mai zurfi, akwai kuma na Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da BBC ta watsa a 2008.

Daga tashar Marylebone zuwa Stratford tafiyar kusan awa 2 ce a jirgin ƙasa. Ƙananan gidajen baƙi na can sun fi na Landan mutunci, mai gidan da kanta ke kawo shayi ta tambayi kwanan baƙo. Ana ziyartar gidan da aka haifi marubucin a titin Henley, da kabarinsa a cocin Holy Trinity a bakin kogin Avon. Shagunan tsaraba kuwa sun cika garin.

Kunnen da ya tashi da tatsuniyar dare da wasan Samanja a rediyon Kaduna ba baƙo ba ne a wannan fage. Turancin tsoho ne, don haka ya fi kyau a san labarin tukuna, a fara da Macbeth wanda ya fi gajarta, a saurare shi kashi-kashi. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Ya kamata marubuta da gidajen rediyon Kano da Kaduna su yi wa King Lear irin wannan hidima, su ba tsohon muryar Hausa.