Takardar Da Ke Ƙasan Adakar Gwaggo

Tun ina yaro a unguwar Limawa a nan Minna nake jin ana cewa mu jinin sarautar Kano ne. Labarin da muka gada shi ne, kakan mahaifina yana cikin Tukurawan da suka watse bayan yaƙin Basasa, wanda aka gwabza daga 1893 zuwa 1895 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Wai gudun wulakanci ne ya sa ya yiwo kudu har ya yada zango a ƙasar Gwari. Maroƙa suna faɗar haka a kowane suna da biki na gidanmu, mu kuwa muna biyansu da murna.

Da aka zo neman auren ƙanwata, dangin manemin suka yi tambayar da kowa yake yi: a Kano, wane gida? Baffana, wanda shi ne waliyyi, ya rasa amsa. Da dare ya kira ni ya ce, "Kai ne ɗan jarida, aikinka ke nan tone-tone. Je ka nemo mana sunan gidan, a rubuce." Na karɓi aikin da ɗoki, domin ni ma ina so in ga sunanmu kusa da na sarakuna.

Na ɗauki hutun mako guda, na bi ta Suleja na tafi Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa. Can ne takardun mulkin Turawa na Jihar Arewa suke, har da na Lardin Neja, waɗanda ake yi wa laƙabi da Minprof saboda Minna ce hedkwatar lardin. Kwana biyar ina zama tun safe, ana kawo mini fayil ɗaya bayan ɗaya, takardun sun yi ja don tsufa, sai da lallami ake buɗa su.

Na ƙaru ƙwarai game da garinmu. Na ga yadda aka fara shimfiɗa hanyar dogo daga Baro a bakin Kwara a 1907, zamanin Gwamna Girouard, ta biyo ta Badeggi da Minna da Zariya, ta isa Kano a 1911. Daga baya wadda ta taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru ta zo ta haɗu da ita a Minna. Wannan mahaɗa ita ce ta jawo Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo suka zauna a gindin duwatsun Gwarawa, tun kafin garin ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976.

Amma sunan kakanmu ban gan shi ba, kuma a hankali na gane dalili. Razdan da Di'o suna rubuta sunan sarki da hakimi da dagaci, domin da su suke hulɗa. Talaka kuwa ƙidaya shi ake yi. Rahoton haraji zai gaya maka maza nawa ne baligai a gunduma, shanu nawa, gonaki nawa. Rahoton aikin dogo zai gaya maka leburori nawa aka ɗebo daga ƙasar wane sarki. Mutum ya haƙa ƙasa shekara uku, abin da ya rage nasa a takarda shi ne lamba ɗaya a cikin jimla. Na komo Minna da littafi cike da tarihin gari, babu layi ko ɗaya na tarihin gida.

Sai na tafi gaida Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta haura shekara tamanin, ita kaɗai kuma ta rage cikin waɗanda suka ga tsohon da idonsu. Na ba ta labarin wahalar da na sha. Ta daɗe tana kallona, kana ta ce, "Mai sunan Baba, ka tafi har Kaduna, ba ka tambaye ni ba?" Na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni, na ɗauka abin sai a ofis." Ta sa na rufe ƙofa, na jawo tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado. Can ƙasan zannuwa akwai wata 'yar jakar fata kamar ta laya, a cikinta takarda ɗaya mai ninki huɗu, da rubutun Larabci da hatimi.

Na kai wa wani malami da na amince da shi ya karanta mini. Takardar fansa ce daga majalisar alƙali a Bida, ta shekarar Hijira 1328, watau 1910. Tana shaida cewa wane, Bahaushe mutumin ƙasar Kano, ya biya ubangijinsa kuɗin fansar kansa a gaban shaidu, ya zama ɗa, babu mai iko da shi. Adadin kuɗin ya goge a kan ninkin takardar, amma sunan yana nan sarai, sunan da ƙanena yake amsawa yau.

Gwaggo ta cika mini sauran. Lalle Basasa ce ta raba shi da gida, sai dai yana yaro ƙarami aka kama shi a ƙauyensu, aka yi ta sayar da shi har ƙasar Nufe. Dokar da Gwamna Lugga ya kafa a 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yanta duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, amma wanda yake cikin bauta tun kafin nan, hanyar da aka fi buɗe masa ita ce ya fanshi kansa a gaban alƙali. Ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Da aikin dogo ya iso kusa da Bida, ya shiga leburanci, yana tara sule da sisi har ya cika. Daga nan ya biyo dogo zuwa Minna, ya yi ga-ruwa a tasha, ya yi dako, ya gina ɗaki biyu, ya sa 'ya'yansa makarantar allo. Labarin sarauta kuwa wani maroƙi ne ya fara shi a bikin kakana, ba wanda ya musa, ya zauna.

Na kwana biyu ina juya maganar. Na san akwai gidajen da har gobe kalmar bawa takan rushe aure, ko da yake addininmu ya ce fifiko yana ga tsoron Allah. In na yi shiru, ƙanwata ta shiga ɗakinta lafiya. In na faɗa, Allah kaɗai ya san abin da zai biyo baya. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma auren da aka ɗaura a kanta kullum da fargaba ake kwana a cikinsa.

Na kai wa Baffa takardar. Ya sa aka karanta masa sau biyu, ya yi shiru har aka kira la'asar. Washegari ya tafi da kansa ya gaya wa mutanen, bayan ya shawarci yarinyar ta ce a faɗa. Wasu cikin danginsu sun ja baya, har an ɗaga ranar da wata biyu. Daga bisani uban yaron ya tsaya kai da fata, aka ɗaura. Da iznin Baffa da Gwaggo nake rubuta wannan.

Jama'a masu karatu, wanda yake son sanin asalinsa ya je Kaduna, zai sami tarihin garinsa da na zamanin da kakanninsa suka rayu a ciki, kuma ba don wannan ba da ban fahimci takardar Gwaggo ba. Amma ya fara da tsofaffin gidansu tun suna da rai, ya tambaye su, ya rubuta, ya nemi a buɗe masa adaka da gafaka, ya kuma shirya wa abin da zai ji.

Ni dai yanzu in maroƙi ya fara jero mini sarakuna, nakan ba shi abin da ya samu in ce ya tsaya haka nan. Mutumin da ya haƙa ƙasa ya sayi kansa da guminsa ya ishe ni kaka. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Amin.