Ɗigo Biyu a Kan Kwali

Asabar, 19 ga Oktoba

Yau na yi hawan ƙarshe na bana. Na bi titin Henderson daga Winnipeg har Lockport, na ɗan tsaya ina kallon masu kamun kifi a ƙarƙashin gada, na juyo gida yatsuna sun ƙage cikin safar hannu. So nake injin ya yi zafi sosai, domin baƙin mai sai da zafi yake sakin dattin da ya kwanta a ƙasa. A gidan mai na fara zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, sannan na cika tanki har wuya. Fetur ɗin Manitoba ana gauraya shi da etanol, kusan kashi 10 cikin ɗari, shi kuwa etanol jan ruwa yake yi daga iska. Tankin da aka bari rabi, raɓa ce za ta cike sauran, tsatsa ta biyo baya.

Ina isowa na juye mai tun yana turiri. Bai yi kilomita 3,000 ba, kuma na san mutane da yawa sai bazara suke canzawa. Ban yarda da su ba. Man da ya yi aiki yana ɗauke da hayaƙi da ruwa da tsami, kuma wata shida zai yi kwance a jikin ƙarfe yana ci a hankali. Na sa sabuwar filta, na zuba lita biyu da 'yan kai na 10W-40, mai tambarin JASO MA, domin kulocin babur cikin mai yake wanka, wani man mota kuwa santsinsa na sa shi sulɓewa.

Da na zo mayar da notin ƙasa na tuna ban sayo sabuwar washa ba. Na juya tsohuwar, na ce ai ba komai. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashi na shige gida.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ɗigo biyu a kan kwali. Ɗaya kamar ƙwandala, ruwan zuma, daidai ƙarƙashin inji. Ɗayan baƙi wuluk, ƙarami, ya karkata hagu.

Uwargida ce ta fara gani, ta fito ɗauko shebur. "Maigida, dokinka fa ya yi fitsari," in ji ta. Ta kuma tuna mini cewa garejin na haya ne, kuma siminti in ya sha mai ba ya mantawa.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na kira Yaya a Kano da hantsi, can la'asar ta yi, tazarar awa shida ce. Shekara talatin ke nan yana gyaran babura. Sai da ya gama dariya tukuna. "Wata shida a ɗaki? Babur ne ko amarya?" A wurinsa mashin ba ya hutawa sai ranar da ya mutu, masu Boxer da ke zuwa wajensa wasu duk mako suke juye mai, lita guda, su koma titi.

Na ce, "Yaya, in ƙara matse notin?" Ya ce kul. Cikin inji alminiyam ne, noti kuwa ƙarfe. In na yi masa ƙarfin tuwo haƙoran ramin za su cinye, ɗigo ya koma kwarara. "Kada ka gyara abin da ba ka gani ba, ƙanena. Wanke shi tas da kananzir, ka bar shi ya bushe, ka barbaɗa masa hoda. Mai da kansa zai nuna maka ƙofar da ya bi."

Sai ya ƙara da cewa in riƙa tayar da shi kowace safiya minti biyar, kada ya daskare. Na ce to. Ba na musu da Yaya a waya, amma wannan kam shawarar hunturun Kano ce, inda sanyi ke ƙarewa da fitowar rana.

Talata, 22 ga Oktoba

Na wanke ƙasan injin, na goge da tsumma har tsumman ya daina baƙi. Na ari hodar jaririya. Babur ya yi furu-furu kamar yaron da ya kwana a gindin murhu. Sabon kwali, da zane na alƙalami inda tayoyi suka tsaya, don in san kowane ɗigo daga ina ya faɗo.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na kwanta a ƙasa da tocila bayan sallar asuba. Hoda ta yi aikinta.

Ɗigon zuma daga notin ƙasa yake, zobe guda ya jiƙe kewaye da shi. Laifina ne. Washar nan taushi gare ta da gangan: in an ɗaure ta sai ta lotse ta cike 'yan ramukan da ido ba ya gani. Sau ɗaya take wannan sadaukarwa. Wadda ta riga ta lotse ta taurare, ba ta da sauran abin bayarwa. Kuɗinta bai kai na kofin shayi ba.

Baƙin ɗigon kuwa ba daga inji yake ba sam. Na cire murfin ƙaramin faifan da ke jan sarƙa, na tarar da dandazon man sarƙa da ƙura, na rani guda, ya yi kauri kamar kwalta. Zafin tafiyar Asabar ne ya narkar da shi ya zubo. Da ban bi ta hoda ba, da na sayi robar bakin shaft ɗin na ɓata yini ina canza lafiyayyen abu. Na kankare shi da tsinke na mayar da murfi.

Akwai na uku, wanda bai taɓa kai wa kwali ba. A gindin sandar giya hoda ta yi duhu, faɗin farce. Naso ne kawai, irin na tulu. Na daɗe ina kallonsa. Robar wurin ta tsufa, kuma sanyi zai ƙara taurara ta. Amma sabuwar roba in an danna ta da sanyi takan tsage, sannan ba zan iya gwada ta a titi ba sai Afrilu. Na ɗauki hoto na bar shi.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na sayo washa biyar, don haushi. Na wanke kwanon roba tas, na juye sabon man a ciki. Da sanyi ya fito, a hankali, ya ci mini fiye da rabin awa. Na sa washa, na ɗaure da sifana mai ma'auni daidai lambar da ke littafin babur, na tace man da kyalle na mayar. Na tayar da injin sau ɗaya, na bar shi har ya yi zafin gaske, mai ya zaga ko'ina. Da ya huce na miƙar da shi tsaye, na yi ɗan layi da alƙalami a gefen gilashin duba mai. In ya sauka, yoyo ne. In ya hau, wannan ya fi muni: fetur ne ke sulalewa ta kafireta zuwa ciki yana tsinka mai.

Asabar, 26 ga Oktoba

Kwali a bushe kwana biyu. Na rufe makullin fetur, na zubar da na cikin kafireta. Na cusa soson ƙarfe a bakin salansa saboda ɓeraye, na ɗaura jan kyalle a kai don kada in manta. Iska a tayoyi, mai a sarƙa, kaɗan wannan karon. Batir ya koma ɗakin ƙasa a kan caja. Cikakken batir yana jure sanyin da ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili, wanda ya mutu kuwa tun wajen 10 zai daskare ya fashe. Na lulluɓe babur da tsohon zanen gado, ba leda ba, leda gumi take tarawa. Tsohon man na kai wurin tattara shara na titin Brady.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Maƙwabcina, dattijo ne Bature, ya tayar da babur ɗinsa a gareji, na ji ƙarar har falo. Ƙafata ta yi ƙaiƙayi. Minti biyar ya kashe. Fetur in ya ƙone ruwa yake haifarwa, kuma a sanyayyen inji wannan tururin komawa yake raɓa ya gangara cikin mai da salansa. Sai mai ya kusanci digiri 100 ya daɗe a haka kafin ruwan ya fita, tsayuwa wuri ɗaya kuwa ba ta kai shi nan. Bara ya nuna mini murfin mansa, ciki fari kamar kindirmo, yana tambayata ko na san dalili. Na gaya masa. Ya gyaɗa kai, ga shi bana ma.

Na leƙa nawa. Nason sandar giya ya ɗan faɗaɗa, ɗigo ɗaya tak a kwali. Na kewaye shi da alƙalami na rubuta kwanan wata.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ma'aunin bakin ƙofa ya nuna 31 ƙasa da sifili. Motoci duk an jona su da wuta a ƙofar gida don kada su ƙi tashi. Na shiga gareji gashin hancina na daskarewa, na ɗaga zanen. Tun ɗigon Nuwamba ba a ƙara ko ɗaya ba. Na tura wa Yaya hoto, ya amsa da murya: "Ka gani? Ya warke da kansa."

Bai warke ba. Na karkata babur ɗin gefe ina kallon gilashi, mai ya ƙi motsi, sai can ya fara jan jiki kamar maɗi. Abin da ya yi wannan kauri ba zai bi ta tsagar da gashi ba ya shiga ba. Ranar da rana ta fara narkar da ƙanƙarar rufin nan zai tuna hanya. Man dai yana daidai layin alƙalami inda na bar shi.

Sabuwar robar tana cikin durowar kicin tun Disamba, tare da washa huɗu. Uwargida ta tambaya sau biyu ko na jefarwa ne.