Daga Guanzu zuwa tsibirin Hainan: ranar da muka rufe littafin ciniki



Tun da hotunanmu na bakin teku suka fara yawo a wayoyi, tambayoyi 2 ake ta yi mini a matsayina na sakatare. Ta farko, da kuɗin wa aka je? Ta biyu, me ya kai ɗan kasuwa yawon buɗe ido alhali kayansa na kan ruwa? Duk wanda ya tambaya yana da haƙƙi, shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya karanta.

Ko kwabo ba a taɓa daga asusun ƙungiya ba. Mu 14 ne muka yi adashi tsakaninmu na wata 10, kowa da guminsa. Littafin ma'aji yana nan, kuma za a buɗe shi a taron wata mai zuwa ga duk mai son dubawa. Wannan ke nan.

Amsar tambaya ta biyu ita ce mai nauyi. A cikinmu akwai wanda ya shekara 15 yana zuwa Chaina, amma in ka tambaye shi yadda ƙasar take, abin da zai iya faɗa maka bai wuce kasuwa, sito, ɗakin otal da gidan abincin Musulmi na unguwar Shiyawbei ba. A sauka da gajiya, a yi ciniki da gajiya, a loda kwantena, a dawo Legas a faɗa cikin cunkoson motoci. A bara mun sallaci 'yan uwanmu 2, dukkansu ba su kai 55 ba, ɗaya ma a shagonsa ya yanke jiki ya faɗi. Ajali na Allah ne, ba mai ja. Amma bayan zaman makoki na biyun, wani dattijonmu da muke kira Baba ya ce mana, "Yarana, jikin nan ma amana ne, kuma ba ya karɓar bashi har abada." Daga nan maganar ta samo asali. Aka yanke shawara cewa in mun gama da baje kolin Kanton, wanda ake yi a Guanzu sau 2 a shekara tun 1957, ba za mu juyo nan take ba. Za mu ƙara kwana 5 mu huta tare.

Hainan aka zaɓa saboda dalili mai sauƙi. Lardi ne na Chaina, don haka bizar da muka shiga da ita ta wadatar, kuma daga Guanzu zuwa birnin Sanya tafiyar kamar awa 1 da rabi ce a jirgi. Ga wanda ya yi awa 5 daga Legas zuwa Adis Ababa, sannan ya ƙara sama da awa 10 zuwa Guanzu, wannan kamar leƙa maƙwabta ne. Da na fara faɗin sunan garin a taro, wani ɗan uwa ya ɗago kai ya ce, "Sanya me, Malam Sakatare?" Har yau da wannan ake tsokanarsa.

Tafiyar mutum ɗaya daban, ta jama'a daban. Kafin mu bar otal sai da muka naɗa amirin tafiya kamar yadda addini ya koyar, muka ba Alhaji shugaba. Ni kuma aka ɗora mini takarda: sunan kowa, lambar fasfo, lambar tikiti, da lambar wanda za a kira a gida in wani abu ya taso. Muka kasu biyu-biyu, kowa da wanda zai riƙa nema in an tashi daga wuri. Ƙaraminmu aka haɗa da Baba, saboda shi ne ya iya biyan kuɗi da waya, don a can ko ruwan sha za ka saya sai a nuna maka Alipay ko WeChat.

Wanda zai bi sahunmu ya riƙe abubuwa 3. Jirgin cikin gida a Chaina yawanci kilo 20 yake ba ka, ba jaka 2 manya irin waɗanda muka saba tahowa da su ba, don haka samfurin kaya duk a sito muka bar su. Na biyu, tun watan Yuni na 2025 ba a shiga jirgin cikin gida da fawa-bank sai mai tambarin CCC a jikinsa, kuma laita ko ashana ba su wucewa. Na uku, a tabbatar tun kafin a biya kuɗi cewa otal ɗin ya saba karɓar baƙi 'yan ƙasar waje, saboda dole ne a yi wa fasfo rajista a inda mutum ya kwana.

A filin jirgin Baiyun na ga abin da ban taɓa gani ba a shekarun da na yi ina rubuta bayanan taronmu. Mutanen da kullum in an haɗu sai lissafin dala da kuɗin fito, ga su zaune babu dila, babu rasit, kowa da 'yar jakarsa a cinya, sun rasa abin da za su yi da hannuwansu. Wani yana ta latsa waya yana neman wakilinsa na Apapa, har Alhaji ya ce masa, "Malam, yanzu ƙarfe 3 na dare ne a Legas, ƙyale bawan Allah ya yi barci." Awa 7 ce tsakaninmu da gida, su suna gaba.

Da jirgi ya tashi, na bar wa Baba kujerar taga. Ba a jima ba gine-ginen Guanzu suka ɓace, sai ruwa. Mu mazauna Legas mun san teku, amma mun san shi ne da launin toka, ga jiragen dakon kaya sun yi layi. Wannan kuwa shuɗi ne, in an matso gaɓa ya koma kore-kore har kana hango yashi a ƙasa. Baba bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja. Can sai ya juyo ya ce mini, "Ɗana, ashe ta kan wannan kayanmu suke bi duk shekarun nan, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba."

Ga kaɗan daga abin da ya kamata a sani game da wurin. Ma'anar Hainan ita ce kudu da teku. Faɗin tsibirin ya kai kusan murabba'in kilomita 34,000, wato kusan ninki 10 na jihar Legas, mutanensa kuma sun ɗan haura miliyan 10. A da yana ƙarƙashin lardin Guandon ne, sai a 1988 ya zama lardi mai zaman kansa, da babban birni a Haiko da ke arewa. Mashigin ruwan da ya raba shi da babban yankin Chaina faɗinsa kusan kilomita 30 ne, amma babu gada, har jirgin ƙasa ma a cikin jirgin ruwa ake tsallakar da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki, a zamanin sarakuna nan ne ake kora jami'in da ya saɓa wa fada, don ana ganin ƙarshen duniya ne. Shahararren mawaƙinsu Su Dongpo ma an kore shi zuwa can a 1097. Yau ga shi mutane na tara kuɗi don su je inda a da ake kai mutum horo. Kuma in ka duba taswira, Sanya ta ɗan ɗara Agadas arewa, amma can hamada, nan kwakwa da ruwan sama. Ikon Allah ke nan.

Muna fitowa daga jirgi iska mai ɗumi da laima ta tarbe mu, irin ta Badagiri bayan ruwa. Rigunan sanyin da wasu suka sa saboda sanyin cikin jirgi nan take aka tuɓe. Na tsaya a bakin ƙofa na ƙirga kawuna, 14 cif, sannan hankalina ya kwanta. Duk wanda ya taɓa riƙe amanar jama'a a ƙasar da ba ya jin yarenta ya san daɗin wannan lissafin.

Kafin otal, masallaci muka fara nema, kuma ba mu sha wahala ba. Kusa da filin jirgin akwai unguwanni 2 na Musulmi, Huwaihuwai da Huwaishin. Mutanen ba baƙi ba ne, kakanninsu sun tsallako ne ɗaruruwan shekaru da suka wuce daga tsohuwar daular Campa, a yankin Biyetnam ta yau, kuma har yanzu suna da yarensu na gida daban da na Sinawa. Muka yi alwala, muka haɗa Azahar da La'asar a ƙasaru, muka fuskanci yamma, don daga can alƙibla yamma take. Wani tsoho ya zo ya ba kowannenmu hannu. Ba ma jin nasa, ba ya jin namu, amma sallama ta isar. Ya nuna mana gidan abinci da hannu, muka ci kifi da shinkafa, aka fasa mana ɗanyar kwakwa kowa da tasa.

A wurin cin abincin nan ne 'yan uwa 2 da suka shekara ba su ga maciji da juna saboda rikicin kwantena suka sami kansu a teburi ɗaya. Ban ji abin da suka tattauna ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga ɗaya ya tura wa ɗayan farantin kifi, kuma a motar da ta kai mu masauki kujera ɗaya suka zauna. Zama 3 muka yi a Legas kan maganarsu ba a daidaita ba.

Wannan labarin ranar farko ne kawai. Na sauran kwanakin, da bayanin abin da kowane mutum ya kashe dalla-dalla, zan kawo a rubutu na gaba in Allah ya yarda, don mai sha'awar shiga adashin baɗi ya san inda zai sa ƙafa. An kuma kawo shawarar cewa wanda ba shi da halin zuwa waje a shirya masa ta kusa, ko Yankari ko Obudu, za mu tattauna a taro.

Allah ya jiƙan 'yan uwanmu da suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya ƙara haɗa kanmu. Amin.

Naku,
Sakataren ƙungiya