Ƙara wa Kwamfuta Ƙarfi

Ni da wana muna da tsohuwar kwamfutar wasanni a gidanmu a Miga. Ta cika nawa, kuɗinmu kuwa kaɗan ne, ladan yankan shinkafa. In muka sayi abin da bai dace ba, wahalarmu ta tafi a banza.

Katin hoto yana kyautata wasa, amma akwai tsada da shan wuta. RAM, watau inda kwamfuta take riƙe aikin da take yi, ya fi araha. Namu gigabayit 4 ne. Muka rubuta irinsa a takarda, gama DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4. Sa'an nan wana ya tafi Kano, ya sayo wani 4, ya zama 8. Nawar ta ragu ƙwarai.

Katin hoto kuwa sai kaka mai zuwa. Daidai ruwa, daidai tsaki.