Wasiƙar da na kasa tsayarwa

A damanar shekarar 2012, wata bakwai bayan rasuwar mahaifinmu, na rubuta wa yayana wasiƙar da har yau nake jin kunyarta. Shi yana Abijan wajen fatauci, ni kuwa ina gida, Tsibirin Gobir, tare da Inna. Labari ya iske ni cewa ya sayar da gonarmu ta bakin Gulbi ba tare da ya shawarci kowa ba. Ban tsaya bincike ba. Bayan sallar isha'i na buɗe kwamfuta, na zazzage masa duk abin da ke cikina ta imel, har da ƙorafin da na binne tun muna yara. Na kira shi maci amana. Na danna aikawa, na kwanta.

Da asuba Inna ta warware mini zancen. Jingina ya yi, ba sayarwa ba, kuma da saninta, domin biyan bashin jinyar Baba wanda ya ɓoye mini don kada hankalina ya tashi. Sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Na koma ɗaki da sauri na goge wasiƙar daga cikin jerin waɗanda na aika. Da zuciyata ta ƙi kwanciya, na hau babur zuwa Maraɗi, wurin wani abokina ma'aikacin ofis da na taɓa ji yana cewa a kwamfutarsu akwai inda ake dannawa a janye saƙo.

Ya saurare ni, ya girgiza kai. "Malam, wadda ka goge taka ce," in ji shi. "Tasa tana can tana jiransa."

Abin da ya bayyana mini, wanda na ƙara fahimta daga baya, shi ne wannan. Imel ba takarda ɗaya ba ce da ke tafiya daga hannu zuwa hannu. Idan mutum ya danna aikawa, kwamfutarsa takan miƙa kwafi ga babbar na'urar kamfanin da yake da akwati a cikinsa, ita kuma ta miƙa wa na'urar kamfanin wanda aka aika wa, galibi cikin ƴan daƙiƙoƙi. Ƙa'idar wannan miƙe-miƙe, wadda Jon Postel ya tsara a Amurka a shekarar 1982, ba ta tanadi wata hanya da mai aikawa zai ce a mayar masa da saƙon da aka riga aka karɓa ba. Janyewar da ake yi da Outlook a ofisoshi tana yiwuwa ne idan mai aikawa da mai karɓa duka suna ƙarƙashin na'urar ma'aikata ɗaya, kamar masinjan da ke da mabuɗin kowane ɗaki a gidan. Daga kwamfutar gida zuwa akwatin wani a Abijan, wannan mabuɗi ba ya buɗe komai.

Kamfanoni sun san da irin nadamata. Gmail ya fara gwada fasa aikawa a shekarar 2009 da daƙiƙa 5, ya tabbatar da shi a 2015 da iyakar daƙiƙa 30. Amma wannan ba janyewa ba ce: riƙe wasiƙar ake yi a zaure na ɗan lokaci kafin a sake ta. WhatsApp ya kawo goge saƙo ga kowa a 2017, sai dai yakan bar alamar cewa an goge wani abu, kuma idon da ya riga ya karanta ba a goge shi. Ni nadamata ta zo bayan awa bakwai.

A hanyar komawa Tsibiri na tuna wani abu na yarintata. A lokacin, Inna kaset take cikawa ta ba direba ya kai wa ƴan'uwanta da ke Kano. Wata rana ta cika ɗaya cikin fushi. Gari na wayewa ta ce: "Ruga tasha ka karɓo mini, kafin mota ta cika." Na ruga, na karɓo, ta ɗora wata magana a kan ta jiya, kuma ƙanwarta har ta rasu ba ta san an taɓa yi ba. Wasiƙar takarda ma haka take. Sai an nemo ɗan makaranta ya rubuta, shi kuma sau da yawa yakan sassauta kalmar da ya ji ta yi kaifi, sa'an nan a jira matafiyi. Muna kukan jinkirin wancan zamani, alhali a cikin jinkirin nan fushi yake hucewa.

Da ba ni da sauran dabara, na kira shi a waya da azahar. "Yaya, akwai wasiƙar da na aiko maka, don Allah kada ka buɗe." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Na karanta tun safe. Sau uku." Na ba shi haƙuri iyakar iyawata. Ya ce ya yafe, zancen gona ba komai ba ne, abin da ya dame shi shi ne na yarinta, don bai taɓa sanin ina riƙe da shi ba. Bai zo babbar salla ba a shekarar, sai ta gaba. A 2014 muka haɗa kuɗi muka fanshi gonar, muna noma ta har yanzu. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa ko wasiƙar tana nan cikin akwatinsa ba.

Da na gaya wa Inna yadda muka yi, cewa kawai ta yi magana zarar bunu ce. Tun daga ranar, idan zan rubuta wa wani ina cikin fushi, nakan bar gurbin adireshi babu komai, in rufe kwamfutar, sai bayan sallar asuba in sake karantawa. Mafi yawansu ban aika ba.