Yinin da Muka Yi a Gungun Yauri

'Yan uwana mata, ni dai 'yar Gaya ce, ruwan da na sani bai wuce kogin Wudil ba, shi ma daga kan gada nake leƙensa in za mu Kano. To sai ga shi an ɗaura auren aminiyata ta Ajingi da wani ɗan Yelwan Yauri a jihar Kebbi, aka sa ni cikin 'yan kai amarya. Da asuba muka tashi, sai bayan isha muka isa, ƙafafuna duk sun kumbura.

Washegari ƙanin ango ya ce a shirya za a je gungu gaida kakarsu. Na ce, "Gungun me?" Aka yi ta yi mini dariya. Ashe a can gungu shi ne tsibiri, ƙasa a tsakiyar kogin Kwara, kuma daga nan Gungawa suka samo sunansu.

Gwaggo na ganin jirgin ta ja tunga. Ba ta manta da ɗaliban Islamiyyar da kwale-kwale ya kife da su a Bagwai a 2021 ba. Ta ce, "Yaro, ina rigar ruwa?" Guda uku aka samo, mu kuwa mu tara ne. Wallahi ba don kunyar surukai ba da na koma gida. Na shiga ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Amma fa ruwan nan akwai kyau! Faɗinsa ya isa, iska mai sanyi, masunta na jefa birgi, ga yara ƙanana suna tuƙa kwale-kwale kamar yadda namu ke tuƙa keke. Gungun farko ba mu daɗe ba, kifi banda kawai muka saya, da albasa manya-manya irin wadda Gungawa suka shahara da nomanta.

A na biyu muka yini. Tsohuwar ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifin da har yau nake santinta. Ta nuna mana kudu da hannu, ta ce can garinsu na asali yake, a ƙarƙashin ruwa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da yawancin gungun Foge, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Ta faɗa ba ko hawaye, ni ce ma na ji idona ya cika.

A hanyar dawowa na tuna ashe aminiyata, wadda ko wanka a rafi ba ta taɓa yi ba, ruwan nan za ta riƙa haurawa duk salla. Gwaggo ma ashe tunaninta ke nan. Muna sauka ta kwance bakin zaninta, ta damƙa wa ƙanin ango kuɗin tsarabarta gaba ɗaya. Ta ce, "Ungo, ka sayo wa 'yata rigar ruwa. Ba zan bar garin nan ba sai na gan ta rataye a ɗakinta."